Ƙuri'a Mai Hoton Mikiya

Shekara tara da 'yanta bayi, Amzi Toliver ko sunansa bai iya karantawa ba, amma ya san hoton mikiya. Ita ce a saman takardar ƙuri'ar jam'iyyar da ta tsaya wa baƙar fata. A Alabama kuwa, a 1874, kowace jam'iyya ita ke buga takardarta, kuma a bainar jama'a ake jefawa, kowa na kallon hannunka.

Zaɓen gwamna da 'yan majalisa ne kawai, ba na shugaban ƙasa ba. Duk da haka Kyaftin Loftin, mai gonar audugar da Amzi ke nomawa, ya riga ya yanke magana: wanda ya jefa mikiya, ya kwashe komatsansa ya bar masa ɗaki.

"Amzi, dubi cikin nan," in ji matarsa Mahala. "Wata takwas! Majalisar ce za ta ba ni wurin haihuwa?"

"In mutanen Kyaftin suka karɓe majalisa, ba ɗaki kaɗai za su ƙwace ba. Har mu."

Ranar zaɓe ya tafi. A ƙofar kotu, inda ake jefa ƙuri'a, wani mai fara'a ya miƙa masa takarda, ya duba, ga mikiya raɗau. Ya jefa, Kyaftin na zaune yana tauna taba. Kafin la'asar tukunyarsu da katifarsu suna bakin hanya.

Kwana uku suna raɓe a coci, sai ga Fasto Gaines da labari: an kayar da jam'iyyar mikiya, majalisa ta koma hannun mutanen Kyaftin.

"Ɗan'uwa Amzi, a hannun wa ka karɓi takarda?"

"Wani mai jar hula, a ƙofar kotu."

Fasto ya dafe kai. "Wayyo! Jabu ce. Mikiyar tamu ce, sunayen da ke ƙasa nasu ne."

Amzi ya zauna daɓas a ƙasa. Mahala ce ta fara magana, ita da ba ta da lokacin kuka.

"To ai su ka zaɓa! Tashi ka je ka gaya wa Kyaftin. Amzi, don Allah. Ba zan haihu a kan benci ba."

Kunya kamar ta kashe shi, amma ya tafi. Ya tsaya a gindin matakalar gidan Kyaftin, hula a hannu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe naku na jefa. A tambayi Fasto."

Kyaftin ya yi dariya har da tari.

"Sai an tambayi Fasto? Ni na sa aka buga su. Ƙuri'arka ta shigo, mun gode." Ya tofar da taba. "Amma na ga wadda ka yi niyyar jefawa. Fice min daga gona."