Katin da Ya Binne Kaka

Duk garinmu Umlazi babu wanda ya kai Yaya Mzwakhe son a ce ya yi. Ranar da ya samu aikin tuƙa motar kaya, ya tara dangi a tsakar gida, ya daki ƙirji ya ce daga yau inshorar jana'izar Kaka tana wuyansa, duk wata za a riƙa cira daga katinsa na banki. Kaka ta yi hawaye ta sa masa albarka. Har cinyar kaza aka ba shi.

A wajenmu tsohuwa ba ta tsoron mutuwa kamar yadda take tsoron jana'izar da ba rumfa, ba saniya, baƙi su koma gida da yunwa suna gulma.

Ba a rufa shekara ba na same shi a kicin da almakashina na ɗinki, yana daddatsa katin.

"Yaya, lafiya?"

"Na ce wa banki ya ɓata, sun ba ni sabo. Sabuwar lamba, yarinya! Masu inshora su je su yi ta lalube a tsohon. Tsohuwar nan sai ta binne mu duka, ni kuwa takalmina ya mutu." Ya nuna ni da almakashin. "Ke Nomvelo, in kika buɗe baki... au, na manta ba ki da shi."

Gaskiya ya faɗa. Ni ko a coci ba a jin muryata. Na share gutsattsarin katin. Shi kuwa ya sayo farin takalmi da yake gogewa da burushin haƙori.

Da Kaka ta rasu sai Yaya ya kamu da ciwon ciki. Masu rumfa na ta kira, shi yana banɗaki. Gwaggo Zodwa, ƙanwar babanmu, ta je ta dinga dukan ƙofar.

"Mzwakhe, fito! Haihuwa kake yi? Ofishin inshora za mu."

Na bi su riƙe da takardun Kaka. A cikin bas gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ni kuma ba abin da nake gani sai Kaka a akwatin katako mara fenti, maƙwabta na leƙe ta katanga.

Matar da ke bayan gilashi ba ta gama danna kwamfuta ba Yaya ya fara kame-kame.

"'Yar'uwa, kin dai san bankunan nan, wani lokaci sai kati ya..."

"Komai daidai yake," in ji ta. "Ba watan da ya tsallake."

"Na'am?"

"Ka canza kati, ko? Bankinka ne ya aiko mana sabuwar lambar da kansa. Haka ake yi yanzu, don kada abu ya yanke wa mutum bai sani ba."

Bakinsa ya tsaya a buɗe kamar na kifin da aka jefo kan yashi. Mutumin da ke goge saƙon banki bai karanta ba, wai yana ɓata masa rai, ina zai sani? Duk wata in ya ga kuɗi sun ragu sai ya zagi cacar ƙwallon da yake yi.

Amma Yaya ba ya jimawa a ƙasa. Ya gyara wuyan riga, ciwon ciki ya warke.

"Ai ni na je na ce musu su yi hakan, Gwaggo. Kakata ce fa."

Gwaggo ta rungume shi tana kuka, tana kiran sunan kakanninmu. Na dubi farin takalmin, sai na ji muryata ta fito ba da shawarata ba.

"Gwaggo, tunda Yaya mai kula ne haka, a sa sunanki a inshorar mana. Da na Kawu Bheki."

"Ana iya ƙarawa yanzu," in ji matar. "A katin nan dai?"

Yaya ya harare ni. Gwaggo na kallonsa da jiƙaƙƙun idanu, mutanen da ke layi ma sun zuba masa ido.

"A... a katin," ya ce.

Ranar Asabar aka binne Kaka. Rumfa ta tare titi, aka yanka saniya, kowa ya ci tuwon masara da nama har da na ƙullawa a leda. Yaya ya yi dogon jawabi a kan riƙon amana. Da na kawo masa faranti ya raɗa mini, "Ke, yaya ake tsayar da abin nan?"

"Ni da ba ni da baki, Yaya?"

Na wuce da tire.