Batirin Baba Tela

Na shiga mayar musu da dutsen guga, sai na tarar Baba Tela ya zazzage gwangwanin maɓallai a kan tebur yana tonawa da yatsa. Batirin na'urar kunnensa ta ƙara ji ne ya faɗa ciki, ga shi girmansu ɗaya da maɓallin riga. Matarsa, Inna, tana gefe tana dariya har da hawaye, wai da safe maɓalli ya cusa wa na'urar, ya yini yana zagin waɗanda suka ƙera ta.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka rigimar batirin nan a kunnena take ƙarewa. Inna ta sha rantsuwa cewa batirin ba ya mutuwa sai ta fara maganar cefane. Shi kuwa sai ya nuna kunne, ya ɗaga kafaɗa, ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa.

'Yarsu da ke aure a nesa ta gaji da ƙorafi, ta aiko masa da mai caji. Sai masu wuta suka karɓi aikin: na'urar na fara caji, su ɗauke.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, likita ya ce a yi jinyarsa a gida. Ranar da 'yar ta haihu, unguwarmu ta daɗe ba wuta. Ta kira don ya ji kukan jaririyar. Ya danna wayar a kunne, ya juya ta, ya sake dannawa. Na'urar ba caji, bai ji komai ba. Ya juya fuska bango.

Na ɗauki na'urar na kai wa maigidana, ya jona a motarsa, muka bar inji na ruri har ƴar fitilarta ta koma koriya. Inna ta saka masa, aka sake kira.

Ya saurara, ido a rufe, murmushi na ƙaruwa.

"Ke ta biyo," ya ce da Inna. "Wannan ba za ta bar kowa ya yi magana ba."

Inna ta ce tunda yau kunne ya buɗe, tana da zance a ajiye.

"Faɗi duka. Yau batir a cike yake."

Na ja musu ƙofa, na bar su suna hira. Washegari da hantsi, Baba Tela ya cika.

Bayan masu gaisuwa sun ragu, na leƙa. Inna na tsaye a ƙofar ɗakinsa da butar shayi. Ta ja numfashi za ta ɗaga murya ta kira shi kamar kullum, sai ta tsaya. Ta zuba kofi biyu, ta miƙo mini ɗaya, ta ce a hankali in zauna.