Garin Katako a Cikin Giya

Barci ɓarawo ne, bai kuwa sha wahalar sace Ubale bakanike ba a ranar. Bayan Azahar ne, ya jingina da bango kusa da bas ɗin Cindo direba a garejinsa na Bukur, zuciyarsa na sukarsa yana basarwa. Da safe Cindo ya kawo motar, ya ce duk sa'ad da ya sauya giya sai ta yi ƙwal kamar an buga taɓarya a turmi, ga shi da La'asar zai kwashi mata 'yan gwari ya gangara Hawan Kibo da su. Ubale ya san aikin gaskiya: a sauke giyabos, wato akwatin giya, a buɗe, a duba haƙora da boris, kwana biyu cur. Ganda ta hana. Sai ya yi abin da ya saba, ya kwaɓa garin katako da mai mai kauri a shuɗiyar robarsa ya ɗura mata, ƙara ta ɗauke ɗif.

Idonsa na rufuwa ya ga kansa a ƙofar wani birni mai ganuwar tsatsa, sama ta yi ja, iska sai ƙaurin kuloci. Wani tsoho na tsaye riƙe da doguwar sukundireba. Baba Ɗan'azumi ne, maigidansa da ya koya masa sana'a, shekara tara ke nan da rasuwarsa. Ubale ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya juya kawai, Ubale ya bi shi.

Suka fara iske wani zaune a kan tsibin ƙarafa yana taunar notin ƙarfe, haƙoransa na farfashewa suna sake tsirowa. Ubale ya tambayi laifinsa. Baba ya ce shi ne mai wanke tsohon boris da kananzir ya sa a sabon kwali. Gaba kaɗan ga wani mai babbar riga kwance a ramin titi, an cike ramin da shi, manyan motoci na bi ta kansa. Wannan an ba shi amanar hanya ne ya mai da ita gidan bene. Can kuma shugaban wata tasha ke hawan tudu da buhuna a ka, duk taku sai a ɗora masa wani, murya na cewa akwai sauran wuri.

Ubale ya ɗan ji sanyi, don shi dai bai taɓa riƙe muƙami ba, ko na mai gadin masallaci. Ɗan Adam ke nan, laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango na wani.

Sai suka shiga wata unguwa da babu motsin sauti ko kaɗan. Shirun nan ya fi duk ihun baya ban tsoro. Mutane ne jere a kan benci, kumatunsu a kumbure, jijiyoyin wuyansu sun miƙe, hawaye na zuba, amma ko tari ba a ji.

"Baba, me aka cusa musu a baki?"

Tsohon ya miƙa masa sukundireba, ya ce ya yi yadda ya koya masa tun yana sabon shiga: tsini a jikin abin da ke ciwo, ƙota a kunne. Ubale ya ɗora tsinin a ƙirjin na farko ya kara kunnensa. Ya ji ƙarfe na cin ƙarfe. Ya ji direba na kokawa da giya ta biyu a gangare tana fita, birki ya ɗau zafi ya saki, mata na salati, wata na kiran sunan ɗanta. Ya yar da sukundirebar.

"Ƙara ba ita ce cutar ba, Ubale," in ji Baba Ɗan'azumi. "Motar ce ke neman agaji. Waɗannan toshe mata baki suka yi. Yau su ke nema, an yi musu yadda suka yi."

A ƙarshen bencin akwai gurbi guda babu kowa, an ajiye shuɗiyar roba mai tsagaggen baki cike da kwaɓi. Ubale ya san robar nan kamar yunwar cikinsa. Duk da haka ya tambaya wa ke da gurbin, ko Allah zai sa wani ne.

"Bai iso ba tukuna. La'asar ake jira."

Tsohon ya cika hannunsa da kwaɓin ya nufo shi. Ubale ya buɗe baki zai yi salati, ya ji harshensa ya nutse cikin gari, muryarsa ta ƙi fita.

Ya farka yana tofar da yawu, riga sharkaf. Ladan na kiran La'asar, Cindo kuma na tsaye a kansa fuska a sake. Ya ce ya ɗan zaga da motar a harabar gareji, tsit take, lallai hannun Oga da albarka, mata na can tasha sun gama lodi.

Ubale ya miƙe. Ya ɗauki sifana ya shige ƙarƙashin motar, ya tara shuɗiyar robar, ya kwance notin zubar da mai. Kwaɓi ya sauko baƙi ƙirin yana dalala. Ya fito da shi gaban Cindo, ya faɗa masa abin da ya yi, bai rage komai ba.

Cindo ya yi faɗa har muryarsa ta shaƙe. Ya rantse sai duk direbobin tasha sun ji, sai garejin nan ya koma wurin kwanan awaki.

"Faɗa musu, Malam Cindo, ka fara da waɗanda na taɓa yi wa aiki."

Ya tura yatsu cikin kwaɓin yana lalube, ya zaro wani guntun ƙarfe kamar ƙwayar masara, karyayyen haƙorin giya. Ya goge shi da gefen rigarsa, ya buɗe tafin Cindo ya sa masa.

"Abin da zai riƙe ku a Hawan Kibo ke nan."

Cindo ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya zauna a ƙasa, ya ciro waya, ya ce wa matan su nemi wata mota.