Ragar Bakin Amya

"Ka cire ragan nan?" in ji Baba Silas, numfashinsa na fita da ƙyar.

Maude, maƙwabcinsa mai shanu, yana tsugune a bakin gadon. Ya sunkuyar da kai. "Na cire, Baba."

Ƙarya yake yi.

Duk ƙauyen Paikon Kore an san Baba Silas da amyarsa ta katako a gindin ɗorawa. Tun da masu bincike daga jami'a suka zo neman manoman da za su taya su gano furannin da ƙudan zuma ke ci daga rani zuwa damina, tsohon ya riƙe aikin kamar an naɗa masa rawani. Duk wata yakan sa wata raga a bakin amya. In ƙuda ya kutsa ta cikinta, garin furen da ya ɗauko a ƙafafunsa sai ya kakkaɓe cikin wata 'yar durowa, a juye a kwalba a aika musu. Amma ragar ba ta daɗewa, domin garin nan shi ne abincin 'ya'yan zuma. In aka bar ta, yunwa za ta kashe su.

Ranar da ya sa ragar a wannan karon, ran nan ya faɗi a gona. Maude ne ya kai shi asibiti, shi ya dawo da shi da likita ya ce a koma gida. Tun a hanya tsohon ya ɗora masa amanar cire ragar. To, Maude yakan kama bijimi ta ƙaho, amma ƙudan zuma ɗaya ya ishe shi ya yar da sanda. Da ƙuruciya sun taɓa rufe shi har ya suma. Kullum ya doshi ɗorawar, da ya ji kukansu sai ya ce gobe.

"Good," in ji Baba Silas. "Na gode, Fulani na. Yaran zuma ya samu abinci."

'Yarsa Rosemary ta shigo da kofin kunu. "Papa, ka bar maganar zuma, ka sha ko kaɗan."

"Ke ba ki sani ba. Masu estate, masu gina gidaje, yana sare itace duka. In result na binciken jami'a ya fito, za su ga ɗorawa ne yake riƙe zuma a rani."

Bai sha kunun ba. Ran Lahadi da hantsi, ana tsakiyar waƙa a coci, ya cika.

Maude ya taya haƙa kabari, ya tsaya daga baya ana addu'o'insu. Mutane suka yi ta cewa maƙwabci na gari ya fi ɗan'uwa na nesa, shi kuwa kunya da baƙin ciki suna cin sa. Da aka watse bai koma ruga ba. Ya naɗe fuska da rawani, ya yi bisimilla, ya nufi ɗorawar.

Bai ji kukan ƙudan ba. Durowar ta cika da garin fure har tana zuba, ja da rawaya, kiyashi na jida. Ya ɗaga murfin amyar: saƙar ta bushe, 'ya'yan zuman sun mutu a ramukansu, manyan sun yi ƙaura.

"Baba, na cire," ya faɗa a hankali, ya zare ragar.

Ya warware rawanin, ya sa hannu cikin amyar yana jiran harbi. Kiyashi ne kawai suka hau yatsunsa.