Uwa da Ɗa a Keji Ɗaya

A shekarar 1981 Mas'udu, ɗan Damagaram mai karatun likitan dabbobi, yana zuwa wani lambu a bayan Giza duk ranar Asabar. Lambun na wani attajiri ne Bamisire mai tara namun daji don nuna wa baƙinsa. A ciki akwai wasu birai uku masu dogayen hannaye da aka kawo daga Asiya: namiji, mace da ɗansu. Irin waɗannan birai namiji ɗaya da mace ɗaya suke zama, da safe kuma su yi ta kuka suna amsa wa juna. A kansu Mas'udu yake rubuta bincikensa na kammala karatu. Shi ne ma ya sa aka ware ɗan a kejin gefe, tun da uban ya fara korarsa.

Da sanyi ya shigo, tari ya kama namijin, cikin kwana tara ya mutu. Macen ta daina kukan safe.

Attajirin ya kira Mas'udu ya ce, "Ɗan ya kai shekara bakwai. Ka haɗa shi da uwar mu samu jarirai."

Mas'udu ya ce, "Ya Hajji, a daji da zarar ɗa ya balaga barin wurin yake yi, ya nemi mata a nesa. Ba za ta yarda da shi ba. A nemo mata wani."

"Ma'alish, ba komai, ɗana. Dabba ce, me ta sani? Khalas, magana ta ƙare, ka buɗe."

Saura wata huɗu Mas'udu ya miƙa bincikensa, kuma babu irin biran a wani wurin da zai samu shiga. Da hannunsa ya zare ƙarfen da ya raba kejin biyu.

Uwar ta haye can sama ta juya baya. Ɗan ya tsuguna a ƙasa kusa da kwanon ruwa, ko ɗaga kai ba ya yi. Haka suka yi mako shida. Ita ta rame, shi kuma ya shiga tsige gashin hannunsa har fata ta fito. Mas'udu yana rubuta komai, yana jin kunyar abin da yake rubutawa.

Wata Asabar ya tarar da jini a ƙasan kejin. Ashe ɗan ne ya hau sama neman ayaba, uwar ta kafa masa haƙora a cinya. Mas'udu ya ɗinke wurin, ya yi masa allura, amma ciwon ya ruɓe. Ran Laraba ya mutu.

Attajirin ya bayar da uwar ga wani mai wasa da dabbobi, ya zuba ɗawisu a kejin.

Malamin da ya duba binciken ya yaba ƙwarai, ya ce bai taɓa ganin bayani mai tsabta haka ba. Mas'udu ya yi godiya ya fito. Ya yi kwana uku yana tambaya a kasuwar dabbobi ko an san inda mai wasan ya nufa. Wani ya ce Aswan, wani ya ce ba a taɓa jin sunansa ba.