Ɗinkin Zigizag da Agogon Jirgi

Tela tana tsakar ɗinka maɓalli da keken ɗinki sai 'yarta Auta ta ɗora mata takarda a kan yadin, ta ce ta sa mata hannu kafin lokacin makaranta ya ƙure. Fom ne na barin ajin kimiyya, kuma ranar ce ta ƙarshe da za a karɓa. Yarinyar nan fa tun tana 'yar mitsitsiya take kwance rediyon gidan don ta ga mai magana a ciki.

Uwar ba ta ɗauki biro ba. Ta tambayi dalili. Auta ta ce aikin gida ne na fiziks, kwana huɗu tana fama da shi, ko tambaya ɗaya ba ta amsa ba. Wai agogon da ke cikin jirgi mai tsananin gudu, na waje zai ga yana tafiya a hankali. Ta haddace lissafin tsaf, amma kanta ya ƙi yarda, kuma malamin cewa ya yi kowa ya bayyana da bakinsa.

Mai gyaran agogo na shagon kusa, wanda kunnensa kullum yana shagon Tela, ya leƙo ya ce shekara talatin yana wannan sana'a, agogon da ke jinkiri datti ne ya cika shi, a kawo masa ya wanke. Tela ta ce ya fara wanke nasa na bango, da ya tsaya a ƙarfe uku tun bara. Ya koma yana gunaguni.

Tela kam aji shida na firamare ta tsaya, amma ba ta taɓa yanka yadi ba ta ga zane ba, don haka ta ce a nuna mata. Auta ta buɗe littafi a gajiye. Madubi biyu ne suna kallon juna, haske yana kai da komowa a tsakaninsu, kowane zuwa da dawowa bugun agogo ɗaya. Wanda ke cikin jirgin miƙe yake ganin hasken. Na waje kuwa a karkace yake ganinsa.

Tela ta daɗe tana kallon zanen.

"Wannan ai zigizag ne, 'yar nan."

Ta janyo wani yanki daga tarin da ke gefenta, ta sa a ƙarƙashin allura, ta riƙe shi kada ya motsa. Allura ta yi ta hagu da dama a wuri guda, kamar yadda ake ɗinka maɓalli. Sannan ta sake shi ya tafi, ɗinkin ya fito a karkace, hawa da gangara. Ta ce duk wadda ta taɓa zama a kan keke ta san na biyun ya fi cin zare, kuma gwargwadon gudun yadi, gwargwadon cin.

"Allurar ba ta san komai ba, ita dai hagu da dama take yi. Yadin ne ya san doguwar hanya aka bi a kansa."

Auta ta zare ɗinki ɗaya daga kowanne da tsinin almakashi, ta jera su a kan tef ɗin awo. Na karkacen ya fi tsawo. Ta sake duba zanen littafin.

"Umma, allurar ce mutumin cikin jirgi, yadin kuma na waje. To shi haske ba ya ƙara gudu don kowa, gudunsa ɗaya ne. Hanya ta ƙaru, gudu bai ƙaru ba."

"Ai sai ya makara," in ji Tela.

"Shi ne bugun agogon yake daɗewa."

A tsaye Auta ta rubuta, littafi a kan teburin guga, shafi ɗaya da rabi ba ta ɗago ba. Sauran tambayoyi biyu ta ce har yanzu duhu ne, amma za ta tare malamin da su. Uwar ta nuna mata fom da haɓa. Auta ta ce a bar shi a nan, jakarta ta cika. Ta naɗe yankin da aka yi ɗinkin a kai don ta nuna a aji, ta fita da sauri.

Sai da Tela ta zo haɗa rigar da za a karɓa da la'asar ta ga hannu ɗaya ne a kan tebur. Ta ɗaga tarin, ta duba ƙarƙashin keke, sannan ta gane abin da ta janyo ɗazu. Ta leƙa ƙofa. Ga Auta can bakin titi tana jiran mota, ta buɗe hannun rigar tana bin ɗinkin da yatsa. Kira ɗaya zai dawo da ita.

Tela ta koma ta zauna, ta ɗauki waya ta kira mai rigar, ta tambaye ta ko ta taɓa gwada gajeren hannu.