Fassarar Auta

Tun da aka yi wa Mama aiki a ƙugu, rayuwarta ta koma falo: doguwar kujera, filo biyu, da talabijin ɗin da Yaya ta sayo aka kafe a bango. Yaya ita ce babbar 'yarta, nas ce, kuma ita ta tare a gidan don jinya. In ta taso daga aiki sai ta wanke ciwo, ta ba da magani, sannan ta zauna a ƙasa ta kunna fim. Babu irin wanda ba su taɓa ba: na yaƙi, na 'yan sanda, na masu naushin juna a kan rufin gida, na soyayya da ake waƙa cikin ruwan sama, har na kifayen teku. Mama ba ta jin yaren ko ɗaya, don haka Yaya ke karanta rubutun ƙasan allo tana fassarawa daki-daki. Mama kan gyaɗa kai ta ce, "To." In an kashe wani ta ce, "Assha." Iyakarta ke nan.

Ana haka Auta ta zo dubiya. Mai gyaran gashi ce a wani gari, ranar aikin ma ba ta zo ba, sai yanzu, da ledar lemo a hannu.

Washegari Yaya ta dawo daga asibiti, tun daga bakin ƙofa ta jiyo wata dariya da ta manta rabon da ta ji ta. Ta shiga. A allo wani babban soja ne ke yi wa rundunarsa jawabi, idanunsa jajir. Auta na tsaye, ta kama ƙugu.

"Mama, ya ce duk wanda ya cinye masa ragowar burodi ya fito tun ransa bai ɓaci ba!"

Mama ta dafe ɗinkinta tana dariya har da hawaye.

"Ba haka ya ce ba," in ji Yaya. "Cewa ya yi su shirya mutuwa don ƙasarsu."

"Ke dai Likita, ƙyale ta," Mama ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Daga ranar kujerar fassara ta koma hannun Auta. A fim ɗin soyayya ta ce saurayin kuka yake yi saboda surukarsa ta ƙi komawa gidanta. A na kifaye ta raɗa wa kowane kifi sunan wani a dangi, mai ƙaton baki ya zama Kawu. Yaya na kicin tana jiyo su, tana dirza tukunyar da ta riga ta fita. Ita ta kwana a kan benci lokacin aikin. Ita ke ɗaga Mama zuwa banɗaki har bayanta ya riƙe. Amma da Gwaggo ta bugo waya, da kunnenta ta ji Mama na cewa, "Ai Auta ta zo, na warke."

Yaya ta riƙe maganar a ranta. Ranar hutunta da rana ta saki labule, ta ce yau ita za ta zaɓi fim. Ta san tun suna yara Auta ko labarin fatalwa ba ta iya ji, sai ta sa na ban tsoro.

Da farko Auta ta yi ta zuba. A hankali bakinta ya mutu. Yaya na kallonta ta wutsiyar ido, tana jin wani sanyi a ranta. Can wata mata mai farin ido ta faso daga cikin kabad. Auta ta ƙwalla ƙara, ta yi tsalle ɗaya ta faɗa kan kujerar Mama, ta cusa kai a cinyarta, kusa da ciwon.

"Kashe! Kashe shi!" Mama ta ce tana shafa mata kai. "Haba Likita, kin san yarinyar nan ba ta son irin wannan."

Yarinya! Mace mai 'ya'ya biyu. Yaya ta kashe, ta durƙusa ta duba ɗinkin. Bai motsa ba. Auta kuwa ta yi lamo a cinyar har yamma.

Bayan Auta ta koma, falon ya yi tsit. Yaya ta sa na 'yan sanda. Da mai bincike ya fara magana, ta gyara murya ta ce, "Wai ya ce takalminsa ya matse shi."

Mama ta dube ta sheƙeƙe. "Lafiyarki kuwa? Karanta min abin da ya ce, ina so in san wa ya kashe matar nan. Tun da ƙanwarki ta zo ban gane kan fim ko ɗaya ba."

Yaya ta ɓoye murmushi, ta ci gaba da karantawa, muryarta har ta ɗan sake. Suna cikin haka wani mai gemu ya shigo allo yana tafiya kamar agwagwa. Mama ta yi ƙwafa.

"Kai, da Auta na nan da wannan ya sha suna. Kira min ita."

Yaya ta tsayar da fim ɗin, ta latsa lambar, ta miƙa wayar. Tun gaisuwa ba ta ƙare ba Mama ta fara dariya. Yaya ta jira, ta jira, da ta ga hirar ba mai ƙarewa ba ce sai ta tashi ta tafi kwaso shanya.